Masarar Kwali

Assalamu alaikum, Ummi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya a gidan Goggonki Asabe, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na direbobin tashar Kwangila masu gudu kamar an biyo su, Ya sa ki shiga aji da ƙafar dama. Za ki tsinci takardar cikin tsohuwar tiyata, a ƙarƙashin zannuwanki. Ni na sa ta, kada ki zargi Innarku.

Bari in fara da yabo, don kin cancanta. Na ga masarar da kika zana a kwali, wadda kika yi kwana uku a tsakar gida kina shafa mata kala. Shekara talatin da wani abu ina awon hatsi a kasuwar Tudun Wada, ban taɓa ganin masara mai kyanta ba. Ba ƙwaro, ba danshi, ba ta ci taki ba, akuya ma ta wuce ta ko waiwaye ba ta yi ba. Kin ja kibiya kin rubuta sunan kowace gaɓa da Turanci, har gemun. Kin nannaɗe ta kin sa a leda kada ruwa ya taɓa. Za ki ɗauke ta ki kai ƙauye can bayan Giwa, inda in kika buɗe tagar aji ganyen masara ne zai shafo miki fuska, ki liƙa a allo, ki nuna wa 'ya'yan manoma yadda masara take. Madalla. Kwaleji ta yi aiki.

Na kuma leƙa littafin da kike shirya darussa a ciki, wanda kika bari kan tabarma. Ki yi haƙuri, halin sana'a ne, ba na iya ganin abu a rufe ban duba cikinsa ba. Rubutu tsaf, layi a miƙe. A gurbin kayan koyarwa kin rubuta "hoto a kwali" a mako na farko, na biyu ma haka, har na goma sha biyu. Mai sayar da kwali na unguwar Kongo zai daɗe yana yi miki addu'a.

Tun da na rufe littafin nan na kasa zama wuri ɗaya. A rumfa nake rubuta wannan, tsakanin mai sayen tiya biyu da mai taya kaya ya wuce, shi ya sa za ki ga biro ya canza kala a tsakiya. Alhaji Bala, maƙwabcina na rumfa, ya tambaye ni ko wasiyya nake rubutawa. Na ce masa kusan haka. Akwai maganar da ba zan iya faɗa miki ido da ido ba. Sunan mahaifiyata gare ki, kuma irin kallonta kike yi wa mutum. Zan zo kan maganar, amma ki bar ni in ɗan zagaya tukuna, kin san ba a fara ciniki da farashin gaskiya.

Kin san na yi boko har aji uku na sakandare kafin mahaifina ya rasu. Abin da ban cika faɗa ba shi ne ni nake zuwa na ɗaya a darasin aikin gona. Na haddace sunayen ƙasa kala-kala, na haddace cututtukan shuka, in na tashi ina zuba su malami har lumshe ido yake yi. Da wannan girman kai na zo rumfar Kawu Sule, ƙanin mahaifiyata, wanda ya koya mini awo. Kakar farko da ya aike ni ƙauye sayen masara ni kaɗai, na zaɓo mai ƙyalli, manyan ƙwaya, irin ta cikin littafi. Muka jibge buhunan a shago. Bayan sati uku aka buɗe, wani ɗumi da wari suka buso, masara ta yi fumfuna ta dunƙule kamar tubali. Kawu bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ɗebo ƙwaya biyu, ɗaya daga tawa, ɗaya daga tasa, ya ce in ciza. Tasa ta fashe ƙas a haƙorina. Tawa ta lotsa kamar ɗanyar gyaɗa. Ya ce, "Ɗan boko, ba su ba ku wannan a jarrabawa ba?" Ya juya ya ci gaba da awonsa.

Shekara uku ana koya mini aikin gona, ba wanda ya taɓa sa mini ƙwayar hatsi a baki. Malaminmu kuwa ɗan manomi ne, na tabbata ya san cizon nan tun yana ƙarami. Ya ajiye shi a ƙofar aji tare da takalminsa, don a ganinsa abin gida ba ya shiga makaranta. To ki ji, Ummi: duk abin da za ki koyar, ki fara tambayar yaran me ake yi a gidajensu. Za su yi shiru da farko, don sun saba a ce musu na gida ƙauyanci ne. Ki jira. Wanda ya fi kowa shiru a bayan aji, sau da yawa shi ne ya san lokacin da ake karya masara da yadda ake gane rumbun da ƙwari suka shiga.

Kada kuma ki ɗauka ina cewa kasuwa aljanna ce, ko duk abin da tsoho ya faɗa daidai ne. Ki juya tiyar da na sa miki, ki shafa gindinta. Za ki ji wata 'yar lotsawa. Ni na yi ta da muciya ina saurayi, don ta riƙa cin ƙasa da abin da ido ke gani. Na yi kaka biyu ina awo da ita kafin wata tsohuwa daga Hanwa ta zo da nata kwanon, ta juye a gabana, ta dube ni. Na mayar da gindin, amma tabon bai ɓace ba, na kuma tuba. Ga masu zuba maganin ƙwari a wake da ka, ba su iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar ba, mutane su saya su kai gida su dafa wa 'ya'yansu. Nan ne ake buƙatarki. Yaron da ya iya gwada tiya da tiya, ya iya karanta jikin kwalba ya gaya wa ubansa kwana nawa za a jira kafin a ci, wannan yaron makaranta ta biya shi. Ubansa kuma ba zai cire shi ranar kasuwa ba, don ya ga amfanin zuwan.

Na zagaya ya isa. Ga maganar.

Kina tuna Malam Iliya, malaminku na aji biyar. Na san kina tuna shi, don na ji kina gaya wa Innarku cewa saboda shi kika zaɓi koyarwa. Siriri, mai keke, wanda wandonsa kullum ɗaya ƙafar a naɗe. Shi ne ya riƙa fita da ku daga aji. Ya kai ku bakin rafin Kubanni kuka ɗebo ruwa a kwalabe kuka bar shi ya kwanta. Ya kai ku wajen maƙera, ya kai ku wajen mai ɗinkin hula. Kika riƙa dawowa gida da surutu har Innarku ta gaji. Wata Laraba da hantsi, kasuwa ta fara cika, sai ga shi ya jero ku biyu-biyu, ku kusan arba'in, kun tsaya a gaban rumfata. Ke ce a gaba. Kin sa an wanke miki hijabi tun jiya, ban san dalili ba sai lokacin. Na ji kina gaya wa ta kusa da ke, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Babana ne zai koyar yau."

Malam Iliya ya gaishe ni da ladabi, ya ce kin gaya wa aji cewa babanki yana gane busasshiyar masara da haƙori. Ya fito da wata kwalba da ɗan gishiri a ciki. Ya ce a littafi akwai wata dabara: a zuba hatsi cikin busasshiyar kwalba da gishiri a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, akwai sauran danshi. Yana so in ciza, shi ya girgiza, yara su ga ko haƙori da kwalba za su yi magana ɗaya.

Abin da ya nema ke nan. Ba komai ba ne. Amma ki san yadda na ji shi. Alhaji Bala yana gefe yana murmushi, masu dako sun tsaya, mata masu saye sun juyo. A layin nan ni ne ɗan boko. Ni ake kawo wa takarda in karanta, ni nake rubuta wa mutane wasiƙa. Sai ga wani yaro da keke ya zo zai sa in tauna masara a gaban 'yata kamar akuya, ya kuma gwada ni da kwalba, in ta ƙaryata ni a yi dariya. Na miƙe, na gyara hula, na amsa masa da Turanci, irin wanda ya yi shekara ashirin a ajiye. Na ce nan wurin sana'a ne, ba filin wasa ba. Na ce mun kai su makaranta ne don su fita daga kasuwa, shi kuma ya kwaso su ya dawo mana da su. Ya ba ni haƙuri, ya mayar da kwalbarsa aljihu, ya juya ku. Ban dubi fuskarki ba. Bayanki na gani, da yadda wadda ke kusa da ke ta matsa ta bar tazara tsakaninku.

Wannan kin sani, kina wurin. Ga wanda ba ki sani ba.

Bayan kwana biyu muka zauna mu shida, iyayen yara, a zauren wani daga cikinmu. Kowa da abin da ke cinsa. Wani ya ce an kai ɗansa wajen maƙera ya dawo da baƙi a riga. Wani ya ce yaran unguwar ma'aikata suna can suna karatun jarrabawa, namu suna yawon kasuwa. Aka ce a rubuta koke zuwa ofis. Aka dubi juna, aka dube ni. Ummi, ni na rubuta takardar da ta sa aka ɗauke Malam Iliya daga makarantarku. Da hannuna, da kyakkyawan rubutun nan da kika gada. Har na ƙara abin da ba a ce in ƙara ba, na ce yana sa rayuwar yara cikin haɗari a bakin rafi, alhali na san ruwan ko gwiwa bai kai ba a lokacin. Kafin ƙarshen zango aka tura shi wani ƙauye mai nisa. Kin yi kwana biyu ba ki ci abincin kirki ba. Kika tambaye ni me ya sa aka ɗauke shi, na ce miki haka aikin gwamnati yake.

Wanda ya maye gurbinsa bai taɓa fita da ku ko bakin ƙofa ba. Ya cika allo, kun cika littafi, mu iyaye muka ce yanzu ake karatu. Na sami abin da na nema, har da gyara. Daga ranar ba ki sake taka rumfata ba. In Innarku ta aike ki, sai ki tsaya bakin titi ki aika a kira ni. Da kika shiga sakandare aka ba ku fom, a gurbin sana'ar uba na ga kin rubuta wata kalmar Turanci mai tsawo, wadda ke nufin babban ɗan kasuwa mai ofis. Na yi dariya a gabanki, na ce kin ɗaga ni. Da na koma rumfa ban iya awo daidai ba ranar. Ban zarge ki ba. Ni na koya miki cewa abin da ubanki ya sani abin kunya ne, kuma kin kasance ɗaliba mai ɗaukar darasi tun asali.

Shi ya sa masarar kwalin nan ta hana ni sukuni. Da na gan ta, hannuna na gani a ciki. Yarinyar da ta taɓa tsayawa gaban aji ta ce babanta ya san masara, yau ita ce ke tsoron taɓa ta gaske.

Na haɗu da shi, kin sani? Bara waccan, a kasuwar Giwa, na je sayen kaya. Ya yi furfura, babur yake hawa yanzu, wandon dai har yau ɗaya ƙafar a naɗe. Na so in bi ta bayan buhuna, ya riga ya gan ni. Ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya tambayi "yarinyar nan mai yawan tambaya". Na ce kina kwaleji, koyarwa kike karanta. Ya yi murna har ya riƙe hannuna da hannu biyu. Muka taɓa hirar damina da tsadar taki. Da zai tafi, ya ɗora ƙafa kan babur, ya ce, "Alhaji, har yanzu rubutunka na da kyau kuwa?" Ashe an nuna masa takardar tun a lokacin, ya kuma gane hannun, don ni nake sa hannu a katin sakamakonki. Kusan shekara goma ya sani. Bai taɓa aiko da magana ba. Na buɗe baki, mai ciniki da kowa, wanda bai taɓa rasa amsa ba, na ce masa, "Sai godiya." Abin da na iya ke nan.

To ga abin da nake so ki ɗauka daga wautata. In kika ce za ki fita da yara, ko ki kawo mutanen gari cikin aji, za ki gamu da irina. A kowane gari akwai mu. Yawanci ma ba jahilin ba ne zai tsaya miki, mai guntun karatun ne, wanda ke tsoron a ga iyakarsa. Malam Iliya ya yi gaskiya, amma ya yi kuskure ɗaya: ya zo mini ba sallama ta gaba, a tsakiyar kasuwa, da shaidu arba'in. Ke kada ki yi haka. Ki fara gaya wa hedimasta, ki nuna masa inda abin ya shiga cikin manhaja, don in sufeto ya zo ya sami abin faɗa. Ki sa Goggonki ta raka ki gidan mutum tun kafin ranar. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce kin zo neman ilimi ne, ke da yaranki. Kada ki ce za ki gwada shi. Ki ce littafi ya faɗi wani abu, kina so ya duba muku ko littafin ya yi daidai. Dubi bambancin. Abu ɗaya ne za a yi, amma a na biyun shi ne alƙali. Mu 'yan kasuwa haka muke sayar da kaya: mai saye ya tafi yana jin shi ya yi wayo.

Ki nemi matan gari ma. Mai daddawa ta san kwana nawa kalwa ke yi a rufe da abin da zafi ke yi mata, ko da ba ta san sunansa na littafi ba. Ke kin san sunan, ita ta san aikin. Ki haɗa su a gaban yara, kowa ya riƙe mutuncinsa. In kuma abin da tsoho ya faɗa kuskure ne, kada ki ƙaryata shi gaban jikokinsa. Ki bar gwajin ya yi magana bayan ya tafi.

Kuma in wata rana aka rubuta takarda a kanki, don ana iya rubutawa, kada ki ce garin ne ya ƙi ki. Ki bincika a hankali, za ki tarar da mutum ɗaya ne da aka taɓa wa girma. Ki je ki same shi tun kafin ya sami biro.

Saura abu ɗaya, shi ma ban taɓa gaya wa kowa ba. Sati guda bayan an ɗauke Malam Iliya, na shiga shago na rufo ƙofa da rana tsaka, na sami kwalba da gishiri na gwada. Na ciji ƙwaya, na girgiza kwalba, buhu biyar. Duk biyar ɗin magana ɗaya suka yi. Da na yarda ranar nan, da kwalbarsa ta gaskata ni a gabanki da gaban duk layin. Yanzu kuwa turamena biyu na dama sun fita, na hagu yana girgiɗi, likita ya ce in daina cizon abu mai tauri. Kin san da me nake sayen masara shekara uku ke nan? Kwalba ce a aljihun babbar rigata, naɗe cikin hankici. In zan gwada sai in juya baya kamar mai amsa waya. Alhaji Bala yana zaton turare ne.

Ban san yadda za ki karɓi wannan takarda ba. Kina iya yin fushi, kina da hakki. Kina iya ƙin kiran wayata sati biyu, Innarku za ta riƙa kawo mini labarinki, na saba sayen labari a hannun dillali. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ki tsaya gaban yara arba'in ki koya musu abin da na koya miki. Na yi wa yarinya ɗaya, na ga abin da ya ci. Ki yafe mini in kin iya. In Allah Ya haɗa ki da Malam Iliya, don ana ce mini yana wajajen nan har yanzu, ki gaishe shi, ki ce mai rubutun ya ce a yafe masa. Ko ki bari, ni zan faɗa da bakina. Wannan bai kamata a aika ba.

Tiyar taki ce. Ki auna da ita a aji, ki nuna musu awon tsororo da na shafe, ki nuna musu tabon gindin, ki gaya musu abin da ake yi da shi don kada a yi musu. Ba sai kin ce ta wace ce ba. Kwalin ma kada ki yar, zai yi amfani in taga ta fashe.

Ki gaida Goggonki da maigidanta da yara. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, ki daina barin shayi ya huce kina rubutu. Allah Ya tsare ki fita da shiga, Ya ba ki haƙurin zama da mutane, Ya sa yaran da za ki koyar su yi miki addu'a bayan ba ki, Ya raba ki da iyayen yara irin ubanki. Amin.

Ni ne,
Babanki.

Na rufe takardar na sake buɗewa. Ina zuwa Giwa sayen masara kusan kowane mako in kaka ta yi, daga can zuwa wajenku ba nisa a babur. Darasin nan na ranar Laraba har yau ba a yi shi ba, haƙorin hagu kuma zai iya ƙwaya ɗaya ko biyu in an yi sauri. Kwalba ina da ita. Na duba littafinki, masara tana mako na shida. Gurbin kayan koyarwa ɗan ƙarami ne, na gani. In aka goge "hoto a kwali", Malama, tsohon mai awo zai shiga, ko sai an zana shi tukuna?